Wankin da Inna Ta Yi wa Garke

Karo na biyar ke nan Injiniya yana ƙyasta ashana. Murhun ya yi fuu, wuta shuɗiya ta leƙo kamar mai jin kunya, ta mutu.

Ba injiniya ba ne, mai kiwon shanu shida ne. Maƙwabta suka laƙaba masa sunan tun ranar da ya haƙa rami a bayan garke, ya rufe, ya ce kashin shanu da ruwa za su ba shi gas na girki. Sun yi dariya har da riƙe ciki. Wata takwas murhun yana ci, mahaifiyarsa Inna ta huta da tarin hayaƙi, masu dariya suka koma leƙe ta katanga. Yau jami'ar ƙungiyar manoma za ta zo ta gani da idonta. In wuta ta kama, gida goma sha biyu za a yi wa irin ramin. In ta ƙi, magana ta mutu, kuma shi ya bi su gida-gida har suka yarda.

Ya bi bututun gas ɗin da hannu daga kicin har bakin rami. Ba ya yoyo. Allurar ma'aunin ƙarfin gas kuwa ta kwanta ƙasa. Kwana uku tana sauka, shi yana ta cewa gobe za ta tashi.

Yayansa ya shigo da tukunyar gas ta kanti, ya dire.

"Haɗa ta bayan bango. Wuta ai wuta ce, wa zai sani?"

"Yaya, in ta duba fa?"

"To tsaya ka sha kunya. Mutane sun cika ƙofar gida, har da mai aski, ka kuwa san bakinsa."

Injiniya ya kama tiyon murhun. Tsoro yake ji na gaske. Har ya kai bakin tiyon kan tukunyar sai ya ji tsayuwar mota. Ya sake shi, ya tura tukunyar lungu.

Jami'ar dattijuwa ce, da takalman roba a ƙafarta. Da kanta ta ƙyasta ashana. Fuu, shiru. Mai aski ya yi tarin da ba na mura ba. Ta dubi ma'auni, ta dubi tukunyar da ke lungu. Ta fita bayan garke, ta tsuguna a bakin ramin, inda ake zuba kashi, ta shinshina.

"Warin asibiti nake ji. Wa ya wanke garken nan?"

"Ni ce, 'yar nan," in ji Inna, tana gyara mayafi. "Da na ji za ku zo. Kwalba biyu na maganin wanke masai na juye, na kora ruwan cikin ramin, don shi ya fi wari. Ai ba a tarbar baƙo da ƙazanta."

Jami'ar ta ce, "Inna, ƙananan halittu ne a ciki, su ke cin kashin su ba da gas. Maganin ya kashe su."

Inna ta dafe ƙirji. Injiniya ya sunkuyar da kai. Da wani ne ya yi, da yau an ji su, amma wa zai yi wa uwarsa faɗa don ta yi shara?

"A kwashe, a cika da sabon kashi," in ji jami'ar. "Zan dawo bayan mako uku." Ta sake duban lungu. "Da na ga wuta yau, allura tana kwance haka, da ba ku ƙara ganina ba."

Yaya ya saɓi tukunyarsa ya fice, ko sallama babu.

Kashin shanu shida ba ya cika rami a 'yan kwanaki, kowa ya sani. Inna ta ɗauki bokiti.

"Ina za ki, Inna?"

"Maƙwabta. Shekara sittin ina share kashi daga gidana, yau zan tafi roƙonsa."

A bakin ƙofa ta tsaya gaban mai aski.

"Kai mai tari, shanunka biyu ne ko? Wuce gaba."