Dakashin Kyalla

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni. Na kwanta ne da tunanin 'yar akuyar da Kyalla ta haifa, wadda gudawa ta kama har ta kasa tsayuwa. Kyalla ta tsufa, kuma ita kaɗai ta rage cikin awakin marigayiya Innata. In 'yar nan ta tafi, iri ya ƙare ke nan.

Sai ga ni a garinmu rungume da ita. Ruwan sama yana tsattsafowa daga ƙasa yana komawa gajimare, kowa ya juya laimarsa ƙasa yana tafiya abinsa. Ban yi mamaki ba, damina ce.

A asibitin dabbobi, awaki ne zaune kan benci. Masu su kuwa an ɗaure su a turke daga waje, an zuba musu harawa. Likitan wani bunsuru ne mai tabarau, yana tuƙa yana latsa cikin 'yar tawa.

Ya ce, "Malam Tanimu, wa ya sha dakashinta?"

Nonon farkon nan yake nufi, mai kauri, wanda uwa ke kawowa da ta haihu. Na ce, "Ranka ya daɗe, tatsewa na yi na dafa. Haka Inna take yi mana muna yara."

Ya buɗe bakinta ya ce, "Cire takalmi ka shiga."

Na shiga. A cikin hanjinta na tarar da ƙwayoyin cuta suna bikin suna. An shimfiɗa tabarmi ana rabon goro. Kafin a gama raɗa wa ɗaya suna ya rabe biyu, sai a koma fatiha daga farko. Babbansu ya taso ya ba ni hannu.

"Maraba da maigida! Daga ƙazantar garke muka biyo, muka iske ƙofa ba mai gadi."

Na ce, "Ina mai gadin ya tafi?"

Ya ce, "Haba Malam, ai kai ka cinye shi da hantsi, har da ɗan sukari."

Na buɗe baki zan kore su, sai na ji ƙamshin hayaƙin kara. Tsakar gidanmu ce ta da, ga rumbu, ga tsamiyar nan da aka sare tun ina saurayi. Inna tana kan kujera 'yar tsugunno tana juya ƙaramar tukunya, kuma ta fi ni ƙuruciya. Na zauna a ƙasa da furfurata, na miƙa ƙoƙo. Wallahi kewarta ta cika ni har na manta abin da ya kawo ni.

Ta dube ni ta yi dariya. "Tanimu, kai dai ka tsufa, kwaɗayinka bai tsufa ba."

"Inna, ai yadda kike yi na yi."

"Ni? Yaushe ka taɓa ganin ina tatsa? Sai ɗan ya sha ya ƙoshi, cikinsa ya yi tim, sannan in ɗebi ragowa. Kai lokacin kana can kana minshari. Tukunya kawai ka sani."

Awakinta duka suka fito daga rumbu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda muka yanka da salla, suka gaishe ni da suna. Inna ta karɓi 'yar akuyar daga hannuna, ta goge mata gindi da ganye, ta goya ta da zanenta na saƙi.

Na ce, "Inna, ita kaɗai ce irin da ya rage mini."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Amma ta gaji. Bar mini ita."

Ta nufi ƙofa, garken ya bi bayanta. Na tashi in bi su, kowane taku sai ya mayar da ni baya. Ina kiranta, ita kuwa tana jijjiga goyonta ba ta waiwayo ba.

Ƙarar fartanya ce ta tashe ni. Gari ya waye. Na leƙa ta taga, matata Asabe ce ke haƙa rami a bayan turke. Kyalla tana tsaye tana kuka, hantsarta cike da nono.