Wayar Jitar Yaya

Ni mai gyaran amfilifaya ne da lasifika, kuma ba yabon kai ba, wayar da ta fita daga shagona ba ta dawowa. Shekara goma sha tara ina narka dalma a kan teburi ɗaya, har teburin ya yi baƙi kamar gindin tukunya. To, ni ɗin nan, yayana uwa ɗaya uba ɗaya shi ne mai wayar da ta fi ta kowa lalacewa a cikin makaɗan garin nan.

Yaya jitar bes yake kaɗawa, mai tsirkiya huɗun nan da mutum ya fi jin ta a ƙirji fiye da a kunne. Shekararsa ashirin da shida a ƙungiya ɗaya, suna wasa a zauren wani otal duk Asabar da yamma. Wayar da ke haɗa jitarsa da amfilifaya kuwa ta girmi mawaƙiyarsu. Asalinta baƙa ce, ta koma ruwan toka. An naɗe ta da baƙin salatif a wuri uku, na tsakiyan ya kumbura kamar ta haɗiyi ƙwai. A shekara biyun nan ta koyi wani hali. Ana tsaka da kiɗa sai ta yi ƙarrr, sauti ya ɗauke, sai can ya dawo. Mai ganga ya ɗaga kai ya kalli rufi, mawaƙiya ta yi tsaki, kowa ya ce, "Wayar nan dai."

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, bayan "wayar nan dai" akwai ragowar magana, kuma a kaina take sauka: "Wai ba ƙanensa ne mai gyara ba?"

Mutane suna ɗauka waya ai waya ce. Sautin da ke fita daga jitar bes ɗan mitsitsi ne kafin ya isa amfilifaya, kuma duk wata hayaniyar lantarki da ke ɗakin so take ta hau shi. Wayar kirki tana da jan ƙarfe tsantsa a tsakiya, da saƙa mai kauri da ta lulluɓe shi ta kowane gefe, da kai na ƙarfe mai nauyi wanda in ka cusa shi a jita za ka ji ya ce ƙat. Sau uku ina haɗa wa Yaya irin wannan. Ta farko ya ce ta yi nauyi. Ta biyu ya ce ta yi tsawo. Ta uku na je gidansa na tarar matarsa ta ɗaura ta daga taga zuwa bishiya tana shanya a kai, har tana gode mini wai ba ta tsatsa.

Ga shi kullum a kan tsohuwar yake tsayawa, diddigensa daidai kumburin nan.

"Yaya, ba a taka waya," in ce masa.

"Injiniya, ita ce take shiga ƙarƙashin ƙafata."

Injiniya yake kirana tun ina ɗan shekara tara, ranar da na kwance rediyon babanmu na kasa mayarwa.

Shugaban ƙungiyarsu, wanda kowa ke kira Oga, mai busa ƙaho ne, kuma yana da doka ɗaya da duk makaɗan garin suka sani. Yana yafe wa kaya, ba ya yafe wa hannu. In lasifika ta mutu ko tsirkiya ta tsinke, sai ya ce kayan duniya ne. In kuwa yatsanka ne ya zame, ya kuma zamewa, to ka naɗe tabarmarka. Ya taɓa sallamar mai fiyano a kan haka, alhali tare suka tashi.

Ranar wata Litinin Oga ya kawo mini amfilifaya gyara. Ya tsaya a bakin shago bai zauna ba.

"Manajan otal ya yi mini magana a kan wayar yayanka," ya ce. "Haƙurina da kaya ma yana da iyaka. Ranar Alhamis muna da gwaji. In ta yi ƙara ko sau ɗaya, akwai wani mai bes da ya daɗe yana zarya. Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce to."

Na rufe shago da wuri na nufi gidan Yaya. Na same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, ya tsoma hannun hagu a cikin kwanon ruwan ɗumi. Matarsa ta ce ai kullum haka yake yi yanzu, wai kantar da tsirkiya ta yi wa yatsunsa yake jiƙawa.

"Yaya, Oga ya zo shago."

"Na san zai zo."

"To me za ka yi?"

"Zan je ranar Alhamis."

"Da wace waya?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi da wace ƙafa zai je. Na yi magiya, na yi faɗa, na tuna masa yaransa huɗu da cewa bai iya wata sana'a ba. Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya ce wa matarsa ta ƙaro ruwan zafi. Na fito raina a ɓace. Ina son Yaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, amma a ranar nan, da a ce ƙanena ne da na ja masa kunne.

A hanya dabara ta zo mini, kuma har yau ina cewa dabara ce mai kyau in da wani aka yi wa ita. Tunda tsohuwar waya yake so, tsohuwar waya zai samu.

Na ɗauko mafi kyawun wayar da nake da ita, wadda nake ɓoyewa a ƙarƙashin teburin shago ba na nuna wa kowa. Na yanka daidai tsawon tasa. Na sa mata kai biyu na ƙarfe, na liƙa dalma har tana sheƙi, na gwada ta a kan na'ura, na ja ta, na murɗa ta, na taka ta da dukan nauyina. Ko tari ba ta yi ba. Daga nan na shiga ɓata mata kama. Na goge ta da samfefa, na shafe ta da toka, na dusashe ƙyallin kawunan. Na naɗa salatif a wuri uku, na tsakiyan na cusa masa guntun robar taya don ya kumbura. Ban taɓa wahala wajen gyara abu ba kamar yadda na wahala wajen tsufar da wayar nan.

Ranar Laraba na daidaici lokacin da Yaya yake zuwa aski. Matarsa tana kicin, na shiga ɗaki na buɗe akwatin jitar, na yi musanya, na fito ina tambayar ruwan sha.

Tsohuwar kuwa na kai ta shago na sa mata almakashi da jin daɗi. Da na kwance kumburin nan sai na ga abin mamaki. Saƙar ciki ba tsufa ne ya cinye ta ba, yanka ta aka yi da reza, tsaf, aka lanƙwaso silin ƙarfe biyu kusa da na tsakiya, yadda in an danna wurin za su haɗu sauti ya mutu. Na ce a raina, wane mugun mai gyara ne ya yi wa Yaya wannan aika-aika? Har na fara lissafa abokan sana'ata ina neman mai irin wannan ƙazamin hannu. Na zuba guntayen a kwandon shara na wanke hannu.

Suna yin gwaji a wani ɗakin ajiya a bayan otal ɗin, tsakanin tulin kujeru da tsofaffin labulaye. Na isa ƙarfe huɗu da amfilifayar Oga a kafaɗa, wai kawo ta na yi, na samu wata kujera na zauna. Yaya ya buɗe akwati, ya warware wayar, ya cusa ta a jita. Ta ce ƙat. Ya ɗan tsaya, sannan ya rataya jitar.

Waƙa biyun farko masu sanyi ne. Ban taɓa jin jitar Yaya haka ba. Sautin ya fito da kauri, a tsaftace, har kujerun da aka tula suna amsawa. Mawaƙiya ta waiwayo ta kalle shi. Oga ya ɗaga gira ɗaya, wanda a wajensa babban yabo ne. Ni kuwa na harɗe ƙafa ina kaɗa kai kamar ni na haifi kiɗan.

Waƙa ta uku mai sauri ce, kuma a tsakiyarta akwai wurin da kowa yake yin shiru a bar wa bes fili shi kaɗai, ya hau ya sauko da gudu. A da, wurin nan ne mutane suke tashi tsaye. A shekara biyun nan kuwa, yanzu da nake tunawa, nan ne wayar ta fi yin halinta.

Wurin ya zo. Na ga diddigen Yaya ya sauka a kan kumburin.

Ba abin da ya faru. Wayata ta riƙe.

Sai duk ɗakin ya ji abin da hannun hagunsa yake yi. Yatsu biyun farko suna gudu yadda suka saba. Biyun ƙarshe sun lanƙwashe a sama, sun ƙi sauka kan tsirkiya. Inda ya kamata su danna, sai wani sauti maras kai ya fito, kuma wayar ta ɗauke shi ta kai amfilifaya ba ta rage komai ba. Ya sake taka kumburin, da ƙarfi wannan karon. Ya sake. Robar taya ce kawai a ciki.

Oga ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"A sake daga farkon wurin."

Aka sake. Haka dai. Aka sake na uku, kuma a na ukun Yaya bai ko motsa ƙafa ba, ya tsaya ya kaɗa abin da hannun ya iya. Mai ganga bai kalli rufi ba, fatar gangarsa yake kallo, kuma daga yadda ya sunkuyar da kai na gane ya daɗe da sani. Ni ne dai, mai gyara, na ga yankan reza da idona na tafi neman mai laifi a cikin gari, alhali aikin Yaya ne da kansa. Na sauke ƙafar da na harɗe.

Oga bai kalli wayar ba ko sau ɗaya.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Shekara biyu."

"Ka je asibiti?"

"Na je. Sun ce jijiya ce. Sun ce in rage aiki da hannun."

Oga ya ciro hankici ya shiga goge ƙahonsa, wanda ba abin da ya same shi. Ya daɗe yana gogewa.

"Ka san dokata."

"Ni na taya ka kafa ta," in ji Yaya.

Yaya ya kashe amfilifaya, ya zare wayar, ya naɗe ta a hankali, ya kwantar da jitar a akwati. Ya bi kowa ya ba shi hannu. Mawaƙiya tana share ido da bakin gyalenta, ya ce mata ta kula da numfashinta a waƙa ta biyu, tana saurin ja.

Na bi shi waje. Rana ba ta faɗi ba tukuna, masu wankin motocin otal suna ta fesa ruwa. Ya tsaya a inuwar katanga yana jujjuya wayar a hannun dama.

"Aikinka ne?"

"Eh, Yaya."

"Kumburin ya yi kama. Da me ka cika shi?"

"Robar taya."

Ya gyaɗa kai kamar mai son ya riƙe wannan don gaba.

"Yaya, wallahi so na yi in cece ka."

"Na sani." Ya ɗago kai ya dube ni. "Injiniya, dama yau tafiya zan yi, ko da wayarka ko babu. Na so ne a ce taurin kai ya kore ni, da wata ruɓaɓɓiyar waya. Wanda aka kora don taurin kai, ana ci gaba da cewa gwani ne. In ya wuce a titi, sai a ce ga shi can, ba a iya masa, amma hannu sai shi."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Ya miƙo mini wayar.

"Ka cire salatif ɗin ka kai wa wanda zai zo. Waya ce mai kyau."

Na karɓa. Ya sunkuya zai ɗauki akwatin jitar da hannun hagu, ya fasa. Tunda nake ban taɓa ganin ya bar wani ya ɗaukar masa ita ba, ko matarsa.

"Ɗauko mini," ya ce, ya yi gaba.