Hannun Isiyaku Mahauci

Shekara arba'in Isiyaku yana fawa a kwatar Tudun Wada, kuma kaf mahauta sun san halinsa. In ya shafa wuyan saniya ya ce "madalla", sannan ya goge hannu a cinyar wandonsa, to ba zai saya ba, ya ji wani abu ƙarƙashin fata. Wanda ya yi gardama ya saya, ranar fiɗa yake gane kurensa.

Da hannun nan ya taɓa ƙullutun da ya fito wa 'yarsa Fiddausi a gindin kunne, ranar da ta zo gaishe su Unguwar Mu'azu da goyo a baya. Ya tura shi da babban yatsa. Bai gusa ba. Ƙullutun banza yawo yake yi ƙarƙashin fata. Wannan ya kama ƙashi ya zauna daram.

"Hangum ne," ya ce.

"Hangum da girmana, Baba? Har da ɗa a baya?" Ta yi dariya.

Shi kuwa hannun ya cusa a aljihu ya danne, saboda ta riga ta san wannan gogewar tun tana kai masa abinci kwata.

Wata huɗu yana roƙon Allah ya ƙaryata hannunsa ko sau ɗaya ne. Sai bakinta ya fara karkacewa, idon hagu ya daina rufuwa. A asibiti aka yanki ɗan nama aka aika gwaji, can ma suka tura shi gaba. Da sakamako ya dawo, Dakta Ezekiel ya kira Isiyaku ciki, Fiddausi na zaune a benci a waje.

"Baba, ciwon daji ne. A inda yawu ke fitowa ya fara. Ba irin wanda muka saba gani ba ne, shi ya sa rizal ɗin ya daɗe. Shi wannan, jijiya yake bi."

"Likita, ban yi boko ba, amma wuyan da na feɗe ya fi dubu. Nuna min."

Dakta ya juyo masa da hoton wuyanta da aka ɗauka. Isiyaku ya gane muƙamuƙi, ya gane maƙogwaro, ya ga wani farin zare ya tashi daga gindin kunne ya nufi ƙasan ƙoƙon kai. Ya ɗora yatsa a wurin.

"Nan wuƙa ba ta shiga."

"Ba ta kaiwa duka. Za mu cire abin da ya ciru, sai a yi mata gashi da na'ura."

"Ni in na dubi saniya zan faɗa maka ko za ta kai Sallah. Kai ma aikinka ne. Shekara nawa ya rage mata?"

"Ba ni da lamba, Baba. Wasu sukan kai goma, wasu biyu. Ko a littattafanmu masu shi ba su da yawa. Ni kaina uku na taɓa gani."

"Ukun nan, ina suke?"

Dakta ya hau gyaran takardun da ba su karkace ba. "Ɗaya tana zuwa har bara."

"Har bara," in ji Isiyaku. "Da tun ranar da na taɓa ƙullutun na kawo ta fa?"

"Wannan Allah kaɗai ya sani."

Isiyaku ya daɗe yana ciniki da mutane. Ya san inda ake kawo sunan Allah don kar a ce e.

A hanya cikin keke ya ce wa Fiddausi aiki za a yi, kuma likita ya san aikinsa. Sai da suka shiga tsakar gida, uwarta Talatu ta karɓi yaron, sannan Fiddausi ta kamo hannunsa.

"Baba, bar zancen likita. Kai taɓa ka faɗa min."

Ta ɗora hannun a wuyanta. Ƙullutun farko yana nan inda yake. Yatsunsa suka gangara da kansu yadda suka saba, kuma can ƙasa kusa da kafaɗa suka ci karo da wani, ƙarami kamar gyaɗa. Shi ma ba ya motsi.

"Madalla," in ji Isiyaku. "Ai da sauƙi."

Sai ya ga ba fuskarsa take kallo ba. Ya bi idonta, ya tarar da hannunsa a kan cinya, yana gogewa.