Hannu a Cikin Madubi

Aikin Rilwanu riƙon madubi ne, amma ba na kallon fuska ba. Kamfaninsu na Wuse manhaja yake haɗawa, yana da babban rumbu a kwamfuta inda ake zuba kowane gyara da sunan mai shi. Madubin kwafin rumbun ne, daga shi masu gwaji a reshen Kado ke ɗauka. Ana karantawa, ba a rubutawa. Nasa dai ya tabbata duk abin da ya shiga rumbu ya bayyana a madubi.

Abin da ke ci masa rai shi ne sunan da yake kwasowa kullum: Magdalena. Yarinyar da shi ya nuna wa inda ake hawa motar Jikwoyi ranar da ta fara aiki, ga ta da izinin rubutu a rumbu, shi kuwa dakon aikinta yake yi. Kishi yake ji, na gaske. Ga shi Oga Ebenezer ya ce ƙarshen wata zai ƙara mutum ɗaya cikin masu rubutu, wanda ya ga aikinsa. To ina za a ga aikin mai madubi?

Ran nan ya hango kuskure a aikin Magdalena, daɗi ya kama shi har kunne. Maimakon ya gaya mata, sai ya buɗe madubin, tunda makullin na hannunsa, ya gyara a can ya sa sunansa, don mutanen Kado su gani su kai labari.

Madubi kuwa bai san wasa ba. Lamba-lamba yake bin rumbu. Da ya tarar da gyaran da rumbu bai sani ba, sai ya cije, ya daina karɓar komai. Rilwanu ya san haka sarai, zuciya ce ta rufe masa ido. Ya yi ta fama shi kaɗai, abu ya ƙi.

Kafin mako ya ƙare Kado suka bugo waya, tsohon aiki suke ta gwadawa.

Oga ya tsaya a bayan Rilwanu, Magdalena na gefe tana duba allon.

"Wa ya saka hannu a madubi?"

Sunan na nan ɓaro-ɓaro, ba sai an amsa ba.

"Oga, gyaran nan ya fi nawa kyau fa," in ji Magdalena. "Rilwanu, da ka turo min, ai da sunanka zan saka shi a rumbu."

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Goge madubin, ka sake kwafa daga farko," Oga ya ce. "Maganar ƙarshen wata kuma, ka manta da ita."

Rilwanu ya goge da hannunsa. Sannan ya zauna yana kallon gyare-gyaren suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har aka iso na ƙarshe. Gyaransa ne, Magdalena ta shigar da shi rumbu yanzu-yanzu, ta rubuta a ƙasa: na Rilwanu ne. Oga ya riga ya fita.