Kujerar Malam Halliru a Bakin Ƙofa

Tun da ciwon ido ya tafi da ganin Malam Halliru, abu ɗaya ya riƙe: shi ma'aikaci ne, ba abin tausayi ba. Kullum ɗan acaɓa zai ɗauko shi daga Roni zuwa ofishin ƙungiyar manoma a Kazaure, ya zauna yana shigar da sunayen masu karɓar iri, wata manhaja mai murya tana karanta masa abin da ke kan allon kwamfuta. Saurin hannunsa kuwa, wallahi sai ka gani.

Sai aka kawo sabuwar manhajar adana bayanai. Shi ke nan fa! Da muryar ta fara karatu, sai komai ya tsaya cak, ya rufe. Kuma ba tasa kaɗai ba, duk kwamfutocin ofis a haɗe suke. Aikin Jennifer, abokiyar aikinsa, na tun safe ya bi ruwa. Manoman Gwiwa suna tsaye a rana suna tsaki.

Malam Halliru ya kira masu manhajar har ya gaji. Wani ya ce, "Baba, ai kashe muryar za ka yi." Ji mini sakarci! Ya kashe ya gani da me?

Hajja Kaka, shugabar ofis, mace ce mai kunya. Da korarsa ta yi ma da ya fi sauƙi.

"Malam, ka yi mana babba," in ji ta. "Ka huta haka nan. Ka riƙa tarbar baƙi, albashinka ba abin da zai taɓa shi."

"Hajja, aiki nake so."

"Ai wannan ma aiki ne."

Aka ɗauke kwamfutarsa a hankali, don kada ya ji. Ya ji sarai. Aka ajiye masa kujera mai laushi a bakin ƙofa, ana kawo masa shayi, kowa na gaishe shi da ladabi. Baƙin ciki kamar ya kashe shi, ga shi ba wanda zai yi wa faɗa.

Ran nan wani dattijo ya zo daga Babura. Malam Halliru ya miƙa hannu su gaisa, zai ce masa barka da zuwa. Sai ya ji an cusa masa wata 'yar takardar kuɗi a tafi.

"Ga sadaka, bawan Allah. A sa mu a addu'a."

Malam Halliru ya dunƙule kuɗin a hannu.

"Allah ya karɓa," ya ce.