Ɗan Kunnen Hajjo

"Tsaya, Atiku, ta yi kuka," in ji Sambo.

Muna tsakiyar gonarsa ta Kambaza, rana ta take, ya dafa sandar na'urarsa yana haki. Ya durƙusa da ƙyar, ya tona ƙasa da 'yar wuƙa. Murfin kwalba ne.

"Wani kuma," na ce. "Ka buɗe shagon lemo mu huta."

Sambo maƙwabcina ne a Gwandu, katanga ɗaya ta raba mu. Da ya bar aikin gadi sai ya sayi tsohuwar na'urar gano ƙarfe wurin 'yan gwangwan, ya mai da neman ɓatattun kayan mata abin ɗebe kewa. Zobe, sarƙa, ɗan kunne. Kuma ba a cikin gida yake nema ba. Ya ce abin da ya faɗi a tsakar gida tsintsiya ke kai shi juji, jaki kuma ya kwashe jujin zuwa gona. Shi dai ya ji gonar da aka kai takin bana. Sau da yawa yakan dace.

Nasa ne ya gagare shi. Ranar da matarsa Hajjo ta rasu, an cire mata 'yan kunnen zinari kafin wanka, ɗaya ya ɓace. Cikin zafin rai, gaban mutane, Sambo ya ce 'yarsu Mubaraka ce ta ɗauka. Ta koma ɗakinta a Kalgo, ba ta sake taka gidan ba.

"Kira ta ka ba ta haƙuri," na sha gaya masa.

"Hannu wofi? Ka san ɗiyata. In ban aza mata shi ga tafin hannu ba, cewa za ta yi tsufa ne ya tausasa ni."

Da damina ta faɗi ƙafafunsa suka kumbura, ya kwanta. Ni kuwa na ci kasuwa daga Jega har Kamba, na san yawancin abin da ya ɓace ana iya ƙero ɗan'uwansa. Na ari ɗayan da ya rage, na kai wa maƙerin zinari, ya yi irinsa sak. Na shafa masa laka, na kawo wa Sambo, na ce a gona na tono shi.

Sambo ya daɗe yana juya shi a yatsu. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Atiku, kai dai ɗan kasuwa ne har ka mutu. Wanda ya ɓace maƙalarshi lanƙwashe take. Mubaraka ta fizge shi tun tana jinjira a goye."

"To, mi kake so in yi?"

Ya kalli rufin ɗaki. "Tafi Kalgo. Ka ce mata ban samu ba. Ka ce tun rannan na san ba ita ba ce."

Da safe na shiga mota. Ta saurare ni a bakin zaure, ludayi a hannunta.

"Baba Atiku, shi ya faɗi haka, ko kai ka gyara mishi?"

"Wallahi da bakinshi."

Ta ajiye ludayin, ta ɗauko mayafi.

Ruwa ya tsare mu a hanya har la'asar. Da muka shigo unguwa mun tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta, an kai Sambo, takalmansu duk laka. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a dakalin ƙofar gidansu kamar baƙuwa.

Bayan addu'ar uku ta turo a kira ni, ta ce in kai ta gonar. Na ɗauko mata na'urar a bayan ƙyauren ɗakinsa. Gero ya kai gwiwa. Gwiwoyina ba su bin kunyar gona yanzu, sai na zauna gindin tsamiya ina kallonta tana kaɗa sandar dama da hagu, irin yadda yake yi. Batir ya yi sanyi, kukan ma da ƙyar ake ji. Can ta durƙusa ta tona da hannu.

Murfin kwalba ne. Ta goge shi, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta kama kunya ta gaba.