Jan Biro a Zauren Kawu

Safara'u na buɗe fayil ɗin sai ta dafe kai. Rubutun Kawu Dogo ne, shafi biyu, an yi masa kaca-kaca da jan biro.

Laifinta ne, ta sani. Ita ta tarbi Magdalena ranar Asabar, sabuwar malamar da aka dawo da ita Gumel daga Gagarawa, wadda ta ce za ta riƙa taya su tace mujallar malamai don Allah. Ta ba ta kujera, ta ba ta zoɓo, ta miƙa mata fayil. Babban abin ne kawai ta manta: ba a sa wa Kawu biro. In ya yi kuskure, wajen bugawa a tafireta ake gyarawa shiru. Tsohon hedimasta ne, injin gurza mujallar kuma nasa ne, a zaurensa yake. Ranar da ya yi fushi ya rufe zauren, mujalla ta mutu ke nan.

Ita kuwa Magdalena, baiwar Allah, a hannun Amurkawan mishan ta koyi Turanci, Kawu a hannun Turawan Ingila. Duk inda rubutunsu ya saɓa ta ja layi.

Safara'u na ƙoƙarin cusa takardun cikin jaka sai ga Kawu da sandarsa.

"Mu gani, 'yata."

Ta miƙa masa. Ya gyara tabarau ya yi ta karatu, kamar ba zai gama ba.

"Aikin wane ne?"

"Ni ce, Baba," in ji Magdalena, har da murmushinta. Safara'u ta ji kamar ta nutse.

"Waɗannan na Ingila ne, ki bar mini abina. A nan kowa na rubutawa yadda ya koya." Ya sauko da yatsa. "Amma waɗannan huɗun, kin yi gaskiya."

Sannan ya juyo.

"Safara'u, shekara shida rubutuna na fitowa ba yadda na ba ku ba. Kun ɗauka ba na karanta mujallar? Ina ta jiran wanda zai faɗa mini a ido."

Ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta.

Ya zaro rubutun wata mai zuwa daga aljihu. Safara'u ta miƙa hannu kamar kullum. Ya tsallake hannun, ya ajiye a gaban Magdalena.